Ku Shiga Makarantar Unguwarku Kafin Ku Shiga Rumfar Zaɓe

'Yan'uwanmu Hausawa na Gadarif da Kasala da Damazin da Rusairis, da ku da neman abinci ya kawo ku Khartum da Umdurman.

Duk wanda ya sauka a Umdurman a cikinku, ya daure ya leƙa Suk Libya da hantsi, lokacin da ya kamata kowane yaro yana aji. Ya ƙirga yaran da ke tallan leda da ruwan sanyi, da masu tura baro. Ya yi musu magana da Hausa, ya ga nawa ne za su amsa. Wasunsu daga garuruwanmu na kan iyaka aka turo su wurin kawu ko gwaggo a Umbadda ko Mayo don su yi karatu. Ka tambayi yaro me ya fitar da shi daga makaranta, amsar ba ta wuce biyu: an kore shi kan kuɗin wata, ko kuma tun farko ba a rubuta shi ba don ba shi da takardar haihuwa.

To ga abin da doka ta ce. Tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2005, wanda aka yi bayan yarjejeniyar zaman lafiya da Kudu, ya faɗa a sashe na 44 cewa karatun matakin farko wajibi ne, kuma gwamnati ce za ta bayar da shi kyauta. Masu mulkin wancan lokacin da hannunsu suka amince da shi. Tun 1999 ake fitar da man fetur ta Bahar Maliya. Amma har gobe uwa mai sayar da shayi a bakin titi ita ke sayen alli.

Ina kuɗin ke maƙalewa? Tun farkon shekarun 1990, da gwamnatin Ingaz ta mayar da matakin asas shekara takwas, aka riƙa sauke nauyin makarantu daga gwamnatin tsakiya zuwa wilaya, daga wilaya zuwa mahaliyya. Mahaliyyar da ba ta da kuɗin shiga ba ta iya gyara aji ko sayen benci. Sai shugaban makaranta ya juya ga majalisar iyaye, ita kuma ta yanka wa kowane gida kuɗi. Mai hali a Amarat ko Riyad bai ji komai ba, ɗansa ma yana makarantar kuɗi. Talakan Darussalam shi ke zaɓa tsakanin kuɗin makaranta da cefanen gobe. Kada ku ga laifin malami, shi ma albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata.

Duk da haka akwai tallafi, kuma da guminku aka tara shi. Manomin Gadarif ya san Diwanin Zakka ba ya mantawa da shi ranar da ya girbe dawa da riɗi. Daga cikin abin da ake karɓa akwai rabon matalauta da marayu, har da 'yan makaranta. Akwai littattafai da kujerun da ake rabawa ta hannun wilaya. Amma duk wannan da jerin sunaye ake raba shi, kuma kwamitin unguwa da majalisar iyaye ne ke rubuta jerin. Wanda ba ya zaune a wurin ranar rubutu, ba a tuna ɗansa ranar rabo.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu muna gudun ofis. Mun gaji da tambayar jinsiyya, mun gaji da a ce mana daga ina kakanka ya zo. Mun san zafin wannan. Amma kakanninmu sun zauna a Mai Wurno tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Hannunmu ya tsinci audugar Jazira tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925. Mai shekara ɗari a gida ba ya tsayawa a ƙofa yana jiran a ce masa bismilla. Wasu kuma suna ganin khalwa ta isa. Allah ya ƙara wa makarantar allo albarka, ita ta riƙe mana addini da harshe a ƙasar nan. Sai dai allo bai hana boko ba, kuma yarinyar da ta yi asas ita ce gobe za ta karanta wa uwarta takardar magani.

Saboda haka muna roƙonku abu huɗu, ko wa za ku zaɓa.

Na ɗaya, ku rubuta kowane yaro, mace da namiji. Wanda ba shi da takardar haihuwa a nema masa takardar tasnin.

Na biyu, ku je taron majalisar iyaye, ku tsayar da naku. Mata ku je, ku ne kuka san yaron da ya fita bai karya ba.

Na uku, ku tambaya a fili: me mahaliyya ta kawo bana, me Diwanin Zakka ya bayar, sunan wa aka rubuta?

Na huɗu, duk kuɗin da aka karɓa a hannunku, ku nemi rasit.

Mu kuma ga abin da za mu tsaya a kai a majalisa in kun ba mu amana. A ware kuɗin makarantun unguwannin talakawa daga baitulmalin tsakiya, ya tafi kai tsaye, a liƙa lissafinsa a bangon makaranta. A hana korar yaro kan kuɗi. A ba da faɗur ɗin safe a makarantun da yunwa ke korar ɗalibai. A karɓi yaro a aji ko takardunsa ba su kammala ba, a ci gaba da nema masa.

Lokaci ya ƙure. A watan Janairun 2011 'yan Kudu suka yi ƙuri'ar raba gardama, kuma mafi yawan rijiyoyin mai a wajensu suke. Wanda bai gina aji ba da rana tsaka, da me zai gina bayan magariba?

Daga 11 zuwa 15 ga Afrilun 2010 aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa, karo na farko tun 1986. An miƙa muku takarda takwas. Kada hankalinku ya tsaya kan ta shugaban ƙasa kaɗai, domin wali da 'yan majalisar wilaya su ne suka fi kusa da makarantar ɗanka.  

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a masallaci da majalisa da cikin gida. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa. Amin.