An kwance nakiya, dafinta yana ƙasa

A fadarmu ta Wadata, kusa da tasha, duk sanda rediyo ta ce sojoji sun tarwatsa nakiya a hanyar Torodi sai ka ji ana cewa, "Alhamdu lillahi, an rabu da ita." Ni ma ina yin hamdala, don har yau ban manta da Janairun 2008 ba, da nakiya ta kashe Abdou Mahamane, shugaban rediyon R&M, a nan cikin Yamai. Amma batun an rabu da ita, ban yarda ba.

Sinadarin TNT da ke cikin bama-bamai ba ya ƙonewa duka. Ragowarsa tana kwanciya a ƙasa, ruwan sama ya ja ta zuwa rijiya da tabki. Yana lalata hanta, yana rage jini. A Clausthal ta Jamus, inda aka yi masana'antarsa lokacin yaƙin duniya na biyu, shekaru da dama bayan yaƙin ana ta fama da gurɓataccen ruwa. Mu kuwa ga nakiyoyin Madama tun zamanin Faransa, ga Diffa, ga Tillaberi, amma ba ka jin ana maganar ƙasar da manomi zai koma ya shuka gero a kanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake dariya in an ambaci laimar kwaɗi a matsayin maganin wannan dafin. Wai ƙazantar damina ce! Wani tsoho ya ce da ni, "Ɗana, abin da yara ke shuri da ƙafa shi zai ci bam?" Na ce, "Baba, dubi kututturen da ke bayanka." Farar funfuna, dangin laimar kwaɗi, ta cinye shi, har yana marmashewa a hannu. Ruwan da take fitarwa don narkar da itace shi ne ke farfasa TNT. A 1990 masana a Amurka suka nuna haka da nau'in Phanerochaete chrysosporium, wanda ke son zafi kusan digiri 40, irin namu. Garin katako da totuwar masara sun ishe shi abinci.

Wannan nau'in ba ya kwance nakiya mai rai, wannan aikin soja ne. Yana son laima, kuma dafin in ya yi yawa yakan kashe shi. To, a gwada mana da damina. Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar binciken noma ta INRAN suna da masana ƙasa, hukumar CNCCAI mai kula da share nakiyoyi ta san filayen da aka share. A ɗebo ƙasar fili guda, a auna ta, a cuɗa ta da karan gero da funfunar, bayan girbi a sake aunawa.