Saniyar Burazil daban, saniyar Azawak daban

Akwai maganar da ke yawo a gidajen rediyon waje da intanet, wai duniya ta rage cin nama ko ta bar shi kwata-kwata don a ceci muhalli. Wasu cikinmu sun maida ita abin dariya, wai sabon salon Nasara ne. Mu dai a ganinmu ba ta dariya ba ce, kuma ba wadda za a haɗiye ba tauna ba ce.

Masu wannan kira suna da hujja. A 2013 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kiwo ke fitar da kashi 14,5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke saki mai ɗumama duniya. Shanu ne kan gaba, don idan suna tuƙa suna gyatsar wata iska da ake kira metan, wadda ta fi hayaƙin mota riƙe zafi. A Burazil, kiwon shanu shi ne babban dalilin sare dajin Amazon. Kusan kashi uku cikin huɗu na waken soja da ake nomawa a duniya cikin dabbobi yake tafiya. Ba'amurke guda kuwa yana cin nama fiye da kilo 100 a shekara. Mu da ke ganin damina na rikicewa, ruwa ya ƙi zuwa ko ya zo ya rushe gidaje a Maraɗi da Yamai, in an ce wa mai irin wannan ci ya sassauta, ai mu ne ya kamata mu fara cewa amin.

To amma fa a bambanta. Saniyar da aka sare mata kurmi daban, saniyar Azawak daban. Tun 1961 dokar ƙasar nan ta ja iyakar noma daga arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne. Duk wanda ya taɓa wuce Abalak ya nufi Ingal ya san hatsi ba ya yi a can. Ciyawa ce ke fitowa wata biyu zuwa uku, mutum kuwa ba ya cin ciyawa. Raƙumi da saniya da akuya su ke maida ita nono da cuku da nama. In an kore su, ba gonar wake za ta maye gurbinsu ba, mutanen ne za su kwararo birni. A kudu ma, wane manomi ne bai san darajar garken da ya kwana a gonarsa bayan girbi ba? Takin nan shi ke riƙe da jigawa, ga buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka.

Akwai lissafin da masana ke yi, kuma gaskiya ne: tunda saniyarmu nononta kaɗan ne, in an raba iskar da take fitarwa bisa kowace lita, sai ta fi ta Holan laifi. Sai dai lissafin ya ɗauki saniya kamar injin nono. A nan ita ce bankin gida, ita ce sadaki, ita ce kuɗin asibiti. Jar akuyar Maraɗi da ke ɗaure a bayan ɗaki, sau nawa ta biya wa yaro kuɗin lekol? Abin da muke tsoro shi ne irin wannan lissafi ya shiga ofisoshin masu ba da tallafi, a wayi gari kuɗin rigakafin dabbobi da rijiyoyin makiyaya sun ragu da sunan kare muhalli. Alhali dabbar da ta samu rigakafi da ruwa ita ke ba da nono mai yawa, wato ita ce mai sauƙin laifi ko a ma'aunin nasu.

Sannan a ƙasar da ba ta manta da yunwar 2005 ba, inda har yau ake jinyar yara masu tamowa, ce wa uwa ta rage nama zolaya ce. Yawancin gidajenmu tuwo ne da miyar kuka, ɗanwake, shinkafa da wake, kwaɗon zogale, awara. Abin da ake koya wa Turawa a littattafan girki, mu talauci ya daɗe da koya mana. Kuma abin haushi, ana cika mana kasuwa da garin madara daga Turai, wanda aka cire masa mansa aka zuba na kwakwar manja, yana karya farashin nonon Bafulatana.

Kar fa mu ɗauki wannan mu yi matashi da shi, don muna da namu. Ku dubi Yamai ranar Layya. Kowace unguwa an gicciye raguna an kewaye wuta, gungume kan gungume, daga hantsi har dare. Tun ana saura mako manyan motoci ke shigowa da itace. Daga ina? Daga dajin da ba mai sake dasa shi. Layya ibada ce, ba mai taɓa ta. Amma wutar gida-gida al'ada ce, kuma gida biyar na iya haɗa wuta guda, nama ya gasu daidai.

Na biyu ya fi ciwo, kuma ba a cika faɗinsa ba. Masu hali a birni suna turke raguna da shanu, sai a aika amalanke daji a kwashe ciyawa da manjagara har ƙasa ta fito tsirara. Iska ta zo ta ɗebe ƙasar da irin ciyawar baɗi. Makiyayi ya sauko ya tarar da fili fayau, sai ya hau gawo da gatari, ko garke ya faɗa gonar da ba a kwashe ba. Haɗa da burtalin da aka nome, rigima ta tashi. Dokar makiyaya ta 2010 ta yi magana kan kwasar ciyawa da hanyoyin dabbobi, amma sau nawa muka ji an tsayar da amalanke?

Mun kuma san gyara yana yiwuwa, don a nan aka yi shi. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itace a gona suna sassabe shi maimakon tumɓukewa, har aka ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo. Gawon da aka bari yana zubar da ganye da damina, bai tare wa hatsi rana, da rani kuma ƴaƴansa abincin tumaki ne.

Saboda haka muna kira ga magadan gari da sarakuna da limamai: kafin Layya mai zuwa a yi maganar haɗa wuta a huɗuba da rediyo, kuma kwamitocin filaye su fita su sake kafa alamun burtali tun kafin shuka.