Kafin ka ce "na amince", kai ma ka yi tambaya



A cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawo mana ofishin ƙungiya, babu wanda ya kai rigimar albashi yawa. Kwanakin baya an kawo mana wani yaro da ya yi gadi wata huɗu a wani gida, kuɗin wata ɗaya kawai ya karɓa. Na ce masa, nawa kuka yi da maigidan? Ya ce maigidan cewa ya yi za su daidaita. Wa ya shaida? Babu kowa. Muka je muka yi ta roƙo, da ƙyar aka ba shi rabin abin da yake tsammani, domin ba mu da abin kamawa.

Ra'ayina shi ne, yawancin irin wannan rigima tun ranar ɗaukar aiki ake shuka ta. Yaronmu zai zauna gaban mai aiki, a tambaye shi garinsu, inda ya taɓa aiki, wanda zai tsaya masa, duk ya amsa. In aka ce ko kana da tambaya, sai ya sunkuyar da kai ya ce babu. Mun ɗauka ladabi ne. Ni kuwa ina ganin wannan kunyar tana cutar da mu, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ko aikin shago ne a Bodija, ko lodi, ko gadi, ko aikin kamfani a Oluyole, ga abin da ya kamata ka tambaya.

Na farko, nawa ne albashin, kuma ran nawa ga wata ake biya? A faɗi adadi ƙarara. Tun watan Yuli na 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 70,000 ne, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan kamfani za ka iya tuna masa da doka, amma a shago ko gida, abin da kuka yi da baki shi ne makaminka.

Na biyu, mene ne ainihin aikin? Da yawa an ɗauke su gadi, sun wayi gari su ne wankin mota, su ne cefane, su ne ban ruwan fulawa, albashi kuwa bai motsa ba. Tambayi ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi, da ranar hutu.

Na uku, idan kaya ya ɓata ko kuɗi bai cika ba, wa zai biya? Masu zama a rumfar POS da yaran shago sun san zafin wannan. Wani sai wata ya ƙare a ce masa asarar ta cinye albashin. A yi maganar tun farko, a kuma ƙirga kaya a gabanka ranar da ka kama aiki.

Na huɗu, sallar Juma'a da tafiya gida. Kada ka bari sai azahar ta Juma'ar farko sannan ka tayar da maganar. Haka nan in kana son zuwa Arewa da sallah ko da damina, faɗi yanzu. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun akalla kwana 6 da albashi bayan ya cika wata 12.

Na biyar, idan ka ji ciwo a bakin aiki, wa zai ɗauki kuɗin asibiti? Mai sauke buhunan masara da wake daga tirela ya fi kowa buƙatar amsar nan. A kamfani, tambayi ko suna biya wa ma'aikata kuɗin NSITF, da kuma fansho, inda doka ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, kai ka zuba kashi 8.

Na shida, za a ba ka takarda? Doka ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa. In babu takarda, a yi magana gaban shaidu biyu. Kuma kada ka bar wa kowa ainihin takardun makarantarka, kwafi ya isa.

Na san abin da wasu za su ce: Sakatare, aiki ya yi wuya, in yaro ya cika tambaya sai a ɗauki na bayansa. Gaskiya ne, hakan na faruwa. Amma wanda ya fusata don an tambaye shi ranar biyan albashi, ya riga ya nuna maka yadda ƙarshen wata zai kasance. Sannan tambaya tana da hanya. Ka bari ya gama nasa, ka ce, "Ranka ya daɗe, don kada in saɓa maka nan gaba, ina so in fahimci abu kaza." In ba ka jin Yarbanci ko Turanci sosai, tafi da wani ɗan Sabo ya yi maka tafinta.

Mu ma iyayen gida na kasuwa maganar ta shafe mu. Alhaji, yaron da ka ɗauko daga ƙauye ka ce "zauna tare da mu, Allah zai rufa asiri", shekara uku bai san matsayinsa ba: ɗan aiki ne, ko mai koyon kasuwa da za a sallama da jari? Malamai sun karantar da mu cewa ijara ba ta inganta sai an san lada. Ko Annabi Musa, Alaihis Salam, da zai yi kiwo a Madyana, sai da aka yanka masa shekarun da zai yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk wanda zai je neman aiki yana son dattijo ya raka shi, ko a rubuta masa yarjejeniya, ya leƙo ofishin ƙungiya, ba a biyan ko sisi. Ku tura wa ƙannenmu wannan.

Allah ya ba mu halal mai albarka, amin.

Sakataren Ƙungiya