Zargi Ba Ya Gina Asibiti

'Yan uwa marubuta, akwai wata kasala da ta zama ruwan dare a labaran da ake turowa wannan zaure. Da zarar an sako sista ko fada suna rabon magani, shi ke nan, mayaudara ne masu sayen imanin talaka da buhun masara. Mu dai a wurinmu wannan gudun bincike ne kawai.

Mu fara daga gindin dutsen Kufena. Asibitin St. Luke na Wusasa na ɗarikar Angilika ne, gadon mishan ɗin su Dakta Miller. Haka ma Kwalejin Kufena, wadda a da ake kira St. Paul's, asalinta ta Angilika ce. Marubucin da ya jingina su ga Katolika ya tona wa kansa asiri. Na Katolika su ne irin asibitin St. Gerard na Kakuri a Kaduna, da St. John's da ta koma Kwalejin Rimi bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Dayosis ɗin Zariya kuwa sai a 2000 aka kafa shi.

Tambayar da ta dace da alƙalami ita ce: me ya sa aikinsu ke daɗewa? Tsari ne. Ƙungiyar St. Vincent de Paul, da aka kafa a Faris a 1833, har gida mambobinta ke bin matalauta. Dayosis-dayosis suna da ofishin JDPC na adalci, ci gaba da zaman lafiya, ga kuma Caritas Nigeria a matakin ƙasa. Ko an yi wa fada canjin wuri, ofis na nan, littafin lissafi na nan.

Za a ce ai akwai bushara a ciki. Coci ba ta taɓa musun cewa tana wa'azi ba. Amma uwar da zazzaɓi ya sumar da ɗanta ƙarfe biyun dare, ƙofar da ke buɗe za ta nufa.

Mu fa muna da zakka, muna da waƙafi. Sai dai sau da yawa attajiri kan tara jama'a a ƙofar gida rana ɗaya, a yi turmutsitsi, a watse. Ranar da ya kwanta dama, alherin ya bi shi kushewa.

A nan labarin yake. Mai son sako sista a littafinsa, ya je asibitin mishan ya yini a layin marasa lafiya, ya tambayi masu jinya, sannan ya ɗauki biro.