Hoton Furannin Daji

Yargoje gari ne a ƙasar Ƙanƙara, cikin Jihar Katsina. Ƙasar nan ba hamada ba ce, amma ta san rani. Wajen watan Oktoba ruwa kan ɗauke, ba ya komowa sai wajen watan Mayu. A tsakanin nan ciyawa kan bushe, iskar hunturu ta ta da ƙura, har wanda ba ya lura ya ce babu sauran abin kallo a daji. Alhali kuwa ko da rani akwai furanni. A lokacin ne gurjiya kan kaɗe ganyenta sarai, sa'an nan ta fid da furanni jajaye wur a kan rassanta.

A zamanin yanzu gidaje da yawa suna da waya mai ɗaukar hoto. Amma yawancin hotunan da ake ɗauka na fuskokin mutane ne, da tufafin salla, da taron biki. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai ya kamata yaran makaranta su koyi ɗaukar hoton tsire-tsiren da ke kewaye da garinsu, su riƙa matsawa kusa da su ƙwarai. Akwai dalilai uku.

Na farko, hoton kusa yana koya wa ido gani. Kowane yaro ya san tumfafiya, gama ga ta nan a bakin hanya da kan juji. Amma yara nawa ne za su iya faɗin kamannin furenta? In aka ɗauki hotonsa kusa, sai a ga ashe kunnuwa biyar gare shi, farare, bakinsu shunayya, ga wani ɗan kambi a tsakiya. Haka kuma kuka. Kowa na shan miyarta, amma kaɗan ne suka taɓa duban furenta. Fari ne babba, yana reto daga reshe. Da almuru yake buɗewa, jemagu su zo da dare su sha zaƙinsa, su kwashi garin fure daga wannan zuwa wancan, da haka kuka ke samun 'ya'ya. Kashegari kuwa sai ya yi yaushi. Yaron da ya yi sammako ya ɗauki hotonsa ya kawo aji, ya nuna wa 'yan'uwansa abin da malam zai daɗe yana bayani. Gani ya kori ji.

Na biyu, hoton nan yana taimakon noma. Akwai wata ciyawa da ake kira ƙuduji, waɗansu kuma su ce wuta-wuta. Furenta ja-ja ne mai ban sha'awa, amma kyan ɗan maciji ne. A ƙarƙashin ƙasa takan manne da saiwar dawa ko gero, ta yi ta tsotse abincinsu har su tsumbure. Tsiro guda kan zub da iri dubu-dubai, ƙanana kamar ƙura, kuma irin kan yi fiye da shekara 10 a ƙasa bai mutu ba. Yaron da ya san ƙuduji sarai zai tuge shi kafin ya zub da iri. In kuwa manomi ya ga baƙuwar ciyawa a gonarsa, hotonta ya isa a nuna wa malamin gona.

Na uku, kuma shi ne mafi girma, hoto yana tsare sunaye. A zamanin Turawa an yi wani likita mai suna Dalziel. Ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, yana tara tsire-tsire yana tambayar sunayensu. A shekarar 1916 ya buga littafi na sunayen itatuwa da ciyayi da Hausa. Daga ina ya samo su? Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Dā yaro kan bi ubansa daji ya koya a hanya: ga sabara, ga kalgo, ga geza, ga aduwa. Amma an sare itatuwa da yawa don itacen girki da gawayi. Rashin tsaron da ya sami ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuma ya hana mutane da yawa yin nisa a daji. Sunan da ba a kira kuwa mantuwa yake yi. In tsoho ya rasu bai nuna wa kowa abin da ya sani ba, ilminsa ya bi shi.

Wani zai ce, "Ai hoto ba ya cika tumbi, wannan aikin marasa aikin yi ne." Gaskiya ne hoto ba abinci ba ne. To, amma karatu ma ba a dafa shi, duk da haka ba mai hankalin da zai ce ba shi da amfani. Wani kuma zai ce a tsinko furen kawai a kawo aji. Furen da aka tsinke ba ya kwana, ba ya kuma zama ɗa. Hoto kuwa yana barin fure a kan uwarsa.

Aikin ba wuya gare shi. Yaro ya nemi izinin mai waya, ya fita da safe ko da la'asar, domin hasken tsakar rana yana kashe launi. Ya durƙusa daidai da furen, ya matso kamar taƙi guda, ya riƙe wayar da hannu biyu, ya jira iska ta lafa. Ya ajiye tsinken ashana a gefe don a gane girman furen. Ya ɗauki hoton tsiron duka, sa'an nan ganye, da fure, da 'ya'ya. Bayan haka ya kai wa kakansa ko kakarsa, ya tambayi suna da amfani, ya rubuta a littafi tare da wurin da kwanan wata. Hoton da babu suna rabin aiki ne.

Sai dai a yi hattara. Kada yaro ya fita shi kaɗai, kada ya wuce inda manya suka yarda. Ya duba ƙasa saboda maciji da kunama, ya kiyayi nonon tumfafiya, gama yana cutar da ido. Ba sai an je nesa ba. Tafasa da tsidau da ƙarangiya suna nan a bayan makaranta. In kowane ɗan aji ya kawo hoton tsiro guda da sunansa, kafin shekara ta kewayo makaranta ta sami littafin tsire-tsiren garinta, wanda ƙannen da ke tafe za su karanta.