Dandalin Wasanni: A Auna 'Yan Ƙwallo Da Mudu Ɗaya

A wannan wata za mu duba yadda masu rubuta labarin wasanni ke ɗaukar ɗan ƙwallon da ake ce-ce-ku-ce a kansa. Mu mutanen Gadarif mun san darajar awo, domin kuwa garinmu garin dawa da riɗi ne, kuma kowa ya san sunan da ake kiran wanda ke da mudun saye daban, mudun sayarwa daban. To, abin takaici shi ne a fagen labarin ƙwallo tauye mudu ya zama ruwan dare.

Kamar yadda kowa ya sani, ƙwallon ƙasar nan ya rabu gida biyu, wato Hilal masu shuɗi da Marikh masu ja. Haka jaridun wasanni na Khartum su ma suka rabu kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tsayar da buga su. Wanda ya ɗauki Al-Sada ya san ja zai karanta, wanda ya ɗauki Al-Asyad ya san shuɗi zai karanta. Son wata ƙungiya ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da launin riga ya zama shi ke yanke wa mutum hukunci.

Mu tuna da Haisam Mustafa. Ya shiga Hilal a 1995, ya yi mata wasa shekara 17, ya daɗe yana kyaftin ɗinta. Shi ne kuma ya jagoranci 'yan wasan ƙasa zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2008 a Ghana, bayan Sudan ta yi shekara 32 ba ta leƙa gasar ba, da kuma ta 2012 inda aka kai zagayen 'yan takwas. A ƙarshen 2012 saɓani ya yi tsami tsakaninsa da shugaban ƙungiyar na lokacin, Al-Amin al-Barir, aka sallame shi, magoya baya suka yi zaman dirshan a harabar kulob, daga bisani ya sa hannu a Marikh. Nan take alƙaluma suka juya. Waɗanda suka yi shekaru suna neman aibinsa suka koma yi masa lale marhabin, wasu daga cikin masu yi masa kirari kuma suka fara ganin baƙinsa. Alhali mutumin bai sake ƙafa ba, bai sake hali ba, riga kawai ya sake. Mai karatu da ke son sanin ainihin abin da ya haɗa kyaftin da shugabansa sai ya sayi jarida biyu, ya zauna ya tace da kansa.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a riƙa ɓoye laifin ɗan wasa. Sam. A ƙarshen 2008 Marikh ta sayi Stephen Worgu daga Enyimba ta Nijeriya da kuɗi masu kauri, bayan ya fi kowa jefa ƙwallo a raga a gasar zakarun Afirka ta wannan shekara, da ƙwallo 13. A 2009 wata kotu a Khartum ta same shi da laifin shan giya da tuƙi, ta yanke masa bulala 40 da tara, lauyansa ya ɗaukaka ƙara. Wannan labari ne, kuma haƙƙin ɗan jarida ne ya ba da shi. Amma haƙƙinsa ya tsaya ne a kan abin da kotu ta ce da abin da wanda ake tuhuma ya ce. Ba shi da hurumin ya ɗora laifin mutum ɗaya a kan duk wanda ya fito daga yamma. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 6 ga Maris 2010, wani ɗan Nijeriyar, Endurance Idahor, ya yanke jiki ya faɗi a fili sanye da wannan jar riga a wasan Marikh da Al-Amal ta Atbara, rai ya yi halinsa, Ummdurman ta yi kukansa. Ƙasa ɗaya, ƙungiya ɗaya, amma kowa da littafinsa.

Akwai kuma wani irin tauye mudun, wato a ɗauki minti ɗaya a shafe rayuwar mutum duka da shi. Ɗan'uwanmu Sani Kaita, haifaffen Kano, ya ɗanɗana wannan. Yana cikin 'yan Nijeriya da suka zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, yana kuma cikin waɗanda suka ciyo lambar azurfa a wasannin Olamfik na Beijin a 2008. Ranar 17 ga Yuni 2010, a gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, Nijeriya na gaban Girka da ci ɗaya, sai zuciya ta ɗebe shi ya kai wa Torosidis shuri a bakin layi. Alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati a minti na 33, aka tashi Girka na da 2, Nijeriya na da 1. Ya yi kuskure, ya kuma fito ya nemi gafara. Duk da haka jami'an tawagar suka bayyana cewa an yi ta aiko masa da saƙonnin barazanar kisa, sunansa ma ya koma abin zolaya a bakin mutane. Har yau idan aka ambaci Kaita, jan katin ake fara tunawa. Lambobin da ya ciyo kuwa sai an tona.

Ko a ƙasashen da ke tinƙaho da tsohuwar aikin jarida cutar tana nan. A watan Disambar 2018, bayan wasu 'yan kallo sun ci zarafinsa a filin Chelsea, Raheem Sterling ya ɗauko labarai biyu daga gidan jarida guda a Ingila ya jera su a shafinsa na Instagram. Matasa biyu ne na Manchester City, kowannensu ya saya wa mahaifiyarsa gida na wajen fam miliyan 2. Na farko, Tosin Adarabioyo, baƙar fata, kanun labarinsa ya nanata cewa ya kashe maƙudan kuɗi alhali bai taɓa fara wasa a babbar gasar Ingila ba. Na biyu, Phil Foden, farar fata, aka nuna shi a matsayin yaron kirki mai tuna uwarsa. Babu ƙarya a cikin labaran biyu, kuma nan darasin yake: ana iya zaluntar mutum da gaskiya tsagwaronta, ta hanyar zaɓen abin da za a sa a gaba da abin da za a bari a baya.

Wani zai ce, mu da ke fama da tsadar rayuwa da ɗawainiyar 'yan'uwa da yaƙi ya koro, ina ruwanmu da kanun labarin ƙwallo? Ruwanmu ne, domin mun san abin da layi ɗaya a jarida ke iya haifarwa. A watan Oktoban 2008 wata jaridar Khartum ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, maganar da ke sa shakku a kan kasancewar Hausawa 'yan ƙasa. Fadar shugaban ta musanta, amma jama'a sun riga sun fita zanga-zanga a Gadarif da Kassala, kuma abin da ya biyo baya a titunan garin nan ba mu manta ba. Alƙalamin da ya saba auna ɗan wasa da rigarsa ko asalinsa, ba zai ji nauyin auna al'umma guda da irin wannan mudu ba. Yaranmu kuma suna buga ƙwallo a filayen unguwa, wata rana wani zai kai babbar ƙungiya. Ranar da ya ci, kowa zai ce nasa ne. Ranar da ya ɓarar da fanareti, muna so a ce ya ɓarar da fanareti, a tsaya nan, kada a shiga tambayar daga ina kakansa ya zo.

Bugu da ƙari, yanzu alƙalamin ya dawo hannunmu. Yaƙi ya sa Hilal da Marikh suka je suka buga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025, kuma yawancinmu a Facebook da WhatsApp muke samun labarinsu, inda babu edita, babu mai tacewa. Duk wanda ya danna ya tura, ya zama ɗan jarida ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka kafin mu tura labarin wani ɗan wasa, mu tambayi kanmu: wane ne ya faɗa, kuma an ji ta bakin shi wanda ake magana a kansa? Sannan mu yi gwajin da Sterling ya yi. Mu cire sunan mu sa na ɗan ƙungiyarmu, ko na ɗan unguwarmu. Idan muka ga ba za mu yarda a rubuta shi haka ba, to mu riƙe hannunmu.

Ga 'yan'uwa marubuta wasanni kuwa, roƙonmu kaɗan ne. Wanda ya yi laifi a faɗi laifinsa da adadinsa, a faɗi hukuncin da aka yi masa, a ba shi fili ya kare kansa. Idan aka wanke shi daga baya, a buga wankewar da manyan baƙaƙe kamar yadda aka buga zargin. Mu malaman makaranta ba a yarda mu duba takardar jarrabawa da ma'auni biyu ba, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a yarje wa mai alƙalamin jarida ba.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da ƙwallonmu filayenta na gida, ya sa mu zama masu adalci ko da a kan abokin hamayya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.