Wasan Mota: A Ba Shi Fili, Amma A Fara Duba Ƙafa

Duk mazaunin Tudun Jukun ko Tudun Wada ya san wasan mota. Ran ɗaurin aure, ko bayan an sauko Idi, sai samari su fito da motoci su dinga juyi bisa kwalta, taya na kuka, ƙura na tashi, yara sun yi dafifi bakin hanya suna sowa. Hukuma ta sha hanawa a garuruwan Arewa, iyaye sun yi faɗa har sun gaji. In an kore su nan, sai su ɓulla can. A ganinmu lokaci ya yi da za a sake dabara, watau a ba wasan nan fili da doka yadda aka ba sukuwar doki, dokar fari kuwa ta zama ta ƙafar mota.

A Amurka da Ingila akwai wani tsere na masu sha'awa, ba na ƙwararru ba, ana ce da shi otokuros. A Amurka fili mai kwalta su ke samu, su shata hanya mai yawan kwana da 'yan robobi masu tsini. A Ingila galibi a fage na ciyawa ko ƙasa a ke yi. Irin na Amurka shi ya fi dacewa da mu. Mota ɗaya ke shiga, ta gama ta fita, sa'an nan wata ta shiga, agogo ne alƙali. Zagaye guda bai cika wuce minti ɗaya ba, gudun kuma da wuya ya haura mil 60 a sa'a. Wanda ya ture roba sai a ƙara masa daƙiƙa a kan lokacinsa. Da ya ke hanyar duk kwana ce, ƙarfin inji ba ya fid da mutum. Abin da ke raba gardama shi ne hannun direba da ƙafar motarsa.

To, mene ne ƙafar mota? Haka makanikai ke kiran duk abin da ke tsakanin jikin mota da taya. Akwai sifirin mai ɗaukar nauyi. Akwai shokazoba, wani bututu ne mai mai a ciki, aikinsa ya hana sifirin yin ta tsalle bayan an taka gargada. Akwai bushin na roba, da boljoyin, da tayarod wanda ke kai umurnin sitiyari ga taya. Dukansu aikinsu guda, su danne taya a ƙasa. Gama abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai fi tafin hannu ba. Tafin hannu huɗu ke nan ke riƙe da mota da ran duk wanda ke cikinta. In aka sha kwana da gudu, nauyi ya kan koma kan tayoyin da ke waje, in ƙafa ba ta da lafiya sai taya ta rabu da ƙasa, daga nan kuwa birki da sitiyari sun zama ado.

Nan ne samarinmu suka fi yin ɓarna. Yaro ya ga hoton motar tsere ta kwanta ƙasa, sai ya tafi wurin mai walda a datse masa sifirin, ko a gasa shi da wuta har ya lotsa. Datsewa ta kan sa sifirin ya ƙara tauri, ta kuma rage masa tazarar da zai motsa. Da an shiga kwana sai ya kai maƙura, jikin mota ya zauna bisa robar tsaro, ya zama ba sifirin ke nan sam. Wani lokaci ma, in taya ta faɗa rami ta saki, gajeren sifirin ya kan fita daga mazauninsa. Gashi kuwa ya fi muni, domin wuta na kashe ƙarfin da maƙera suka ba ƙarfen, ya yi ta lotsewa har ran da zai karye. Wanda ke son motarsa ta sauko, akwai sifirin da aka ƙera musamman don haka, kuma sai an haɗa shi da shokazoba daidai da shi. Kuɗin da za a kashe nan ya fi wanda a ke zubarwa wajen huda salansa don ƙara kawai.

Mu tuna fa ƙasar da mu ke. A 1953 aka fara tseren Safari a Afirka ta Gabas, cikin Kenya da Uganda da Tanganyika, bisa hanyoyi masu laka da gargada irin namu. Peugeot 404 ta cinye shi a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ƙanwarta 504 ta ci a 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Akwai motocin da suka fi su inji a fagen nan. Abin da ya ɗaukaka su shi ne ƙwari da doguwar ƙafa mai shanye rami. Dattawan direbobin tasha ba sa bukatar a gaya musu wannan. Motar da aka kwantar don fili mai sumul, ita ce kuma za ta bi lungunan Tudun Jukun da damina ta koma gida. Saboda haka shawararmu ga mai mota guda ita ce ya bar ta a tsawonta na asali, ya gyara abin da ya lalace tukuna.

Gyaran nan ba shi da wuya a gane. A danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. In ta tashi ta zauna sau ɗaya, madalla, in ta yi ta rawa, shokazoba ta mutu. In an ga mai ya jiƙa jikinta, haka nan. Kuma ba a sake guda, sai biyu, dama da hagu. A ɗaga mota a jak a girgiza taya, sama da ƙasa, sa'an nan gefe da gefe. In an ji ƙwas-ƙwas akwai abin da ya saki. A duba robar da ke rufe boljoyin, domin in ta yage ƙurar hunturu na shiga ta haɗu da giris ta zama kamar dutsen niƙa. In an sa sabon bushin, kada a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka bisa ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Bayan duk wannan sai a kai ta alaimen.

Taya kuma tana ɗauke da shekarunta a rubuce. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Da yawa cikin tayoyin gwanjo zanensu na nan amma robar ta bushe. Masu otokuros su kan ƙara iska kaɗan, su shafa alli a kafaɗar taya, bayan zagaye su duba inda allin ya goge, su san ko tayar na kwantawa fiye da kima. Alli dai ba mu rasa shi a makaranta.

Sai wanda ya gama wannan ya isa ya yi maganar canji. Akwai sandar ƙarfe da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, makanikai na ce mata sitabilaiza, ita ke rage karkatar mota. In aka kaurara ta gaba, mota ta kan ƙi juyawa ta nufi gaba; in ta baya ce, ƙugunta ya kan zame. Taurinta yana hauhawa ne da kaurinta ninki huɗu na lissafi, har sanda mai milimita 22 ta fi mai 20 tauri da kusan kashi 46 cikin ɗari. Malamin lissafi ya sami darasi a nan wanda ba yaron da zai yi gyangyaɗi. Ƙa'ida kuwa ita ce a sake abu ɗaya, a gwada, a rubuta lokaci a littafi, sa'an nan a taɓa na biyu.

Mun san za a ce ba da fili ɗaure wa ƙarya gindi ne. Muna girmama masu wannan ra'ayi, galibinsu iyaye ne masu tsoron abin da zai sami 'ya'yansu. Amma hanya irin ta Gaskiya, wadda 'yan makaranta ke bi safe da yamma, ita ce filin da wasa ke samu in an hana shi nasa, ba mai duba mota, ba mai tsare 'yan kallo. Zariya kuwa ba ta rasa masana. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da aka kafa a 1986 a hanyar Basawa, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988, ga manyan makanikai da suka tsufa a gareji.

Roƙonmu ga ƙaramar hukuma da masarauta shi ne su nemi fili mai shinge nesa da gidaje, su sa rana ɗaya a wata. Kowace mota a hau da ita jak gaban jama'a kafin ta shiga. Mai datsattsen sifirin, ko shokazoba mai yoyo, ko busasshiyar taya, ta koma. Direba ya nuna lasin, ya ɗaura bel, ya sa hular kwano, ya zo da takardar yardar mai motar. Malamai su riƙe agogo, akawu ya riƙe rajista. Wanda kuma aka kama yana juyi bisa titin gari bayan an buɗe filin nan, a soke sunansa daga rajista, a miƙa shi kotu.